Yadda Ake Noman Tumatir Mafi Tsada a Unguwa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, kuɗin cefane ya daina jin magana. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, labarin da kowace uwargida ta riga hukumar sani, domin ita ake miƙa wa tumatir huɗu a leda da kuɗin da a da yake cika mata kwano. A irin wannan lokaci shawara ce kaɗai ke yin araha, kuma wadda ta fi yawo ita ce kowa ya yi lambu a gidansa. Tsohuwar shawara ce. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ba da ita a 1976 cikin shirinta na ciyar da ƙasa, uwargidan shugaban ƙasa Sanata Oluremi Tinubu kuma ta sake kakkaɓo ta a 2024, har da gasa da kyautar kuɗi. Shawarar ba ta da aibu. Abin da masu ba da ita suka manta shi ne bayyana yadda ake bin ta a tafka asara, alhali nan ce hanyar da yawancin magidanta ke bi, kowa yana lalube shi kaɗai. Ya kamata a tsara musu ita, don mai niyyar asara ya yi ta bisa ilimi.

Abu na farko, maigida, ka zaɓi tumatir. Kada ka bari wani ya karkatar da kai zuwa ganye, domin babu wanda ke ɗaukar hoton lalo ya sa a Facebook. Tumatir ne ya ci maka mutunci a gaban mai kayan miya, don haka shi za ka rama wa. Sai dai ka san halin abokin faɗan naka. Halinsa na amarya 'yar gata ne: ba ya son zafi, ba ya son ruwa ya taɓa masa kai, ba ya son ƙishirwa, ba ya son a cika masa ruwa, kuma idan ransa ya ɓaci ba ya faɗa sai dai ka wayi gari ka tarar ya yi yaushi. Da zarar zafin rana ya kai wajen digiri 35, dare kuma bai huce ba, sai ya riƙa zubar da fure ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. Da damina kuwa laima da ruwan da ke fantsama daga ƙasa suna jawo masa cututtukan ganye da ruɓewa. Lokacin da yake sakin jiki a ƙasar Hausa shi ne sanyin hunturu. To, sai mu yi lissafi. Ka zuba iri a ƙarshen Oktoba, ka yi renonsa mako huɗu, ka yi dashe, ka jira wata biyu zuwa biyu da rabi. Tumatirinka na farko zai nuna a Janairu ko Fabrairu. A daidai wannan lokaci ne manoman Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda madatsar Tiga ke shayar da gonakinsu tun da aka gama ta a 1974, suke cika Kwanar Gafan da kwanduna, manyan motoci suna lodi zuwa Legas, abin da ya rage kuma ana roƙon mai saye ya taya. Ranar da za ka shigo tsakar gida da tumatir biyar a tafin hannu kana jiran yabo, ranar ce mai kayan miya ya ba yaronka gyara ba tare da ya roƙa ba.

Mai kaifin basira zai ce ai sai a juya lissafin, a shuka yadda zai nuna a Mayu ko Yuni lokacin da farashi ke sama. Wannan tunani yana da kyau har zuwa inda za a tambayi abin da ya sa farashin ya hau. Ya hau ne saboda zafin bazara ya gama da na rani, na damina kuma bai zo ba. Ranar da ta ƙone gonar Kadawa ita ce ke leƙowa tsakar gidanka, ga siminti da katanga suna ƙara mata ƙarfi. Idan mutanen da suka gaji wannan sana'a, masu injin ban-ruwa da 'yan ƙwadago, suka kasa fitar da tumatir a watan, da wuya ma'aikacin da ke leƙa shukarsa bayan sallar Magariba ya fi su dabara.

Idan kuma zafi ya ƙyale ka, akwai baƙuwar da ba a gayyata. A 2016 wata 'yar tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta ratso Sifaniya a 2006 kafin ta bazu zuwa Afirka, ta yi wa gonakin Arewa ɓarnar da ta sa aka raɗa mata suna Ebolar tumatir. A watan Mayun shekarar gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, jami'anta suna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na gonakin da abin ya shafa sun lalace. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a watan Maris na shekarar da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, sai da ta tsaya don ba ta samun abin niƙawa. Tsutsar tana shigewa cikin naman ganye ta ci daga ciki, inda feshi ba ya iskar ta da sauƙi, kuma tana saurin sabawa da magani. Ba ta bar ƙasar ba har yau, takan dawo duk lokacin da zafi ya yi mata daɗi. Abin da ya tsayar da injinan Ɗangote shi ne za ka tara da buhun shuka shida da ƙarfin zuciya.

Sai maganar kayan aiki, inda ya kamata ka saki hannu. Ka sayi irin gwangwani na waje, mai hoton tumatir kamar an shafa masa mai. Irin haɗi ne, yana da yabanya mai kyau idan ya samu abin da yake so, amma idan ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi ba za su yi kama da uwarsu ba, don haka kowace shekara sai ka koma kanti. Ka haɗa da kamfa da yuriya, da famfon feshi na goyo wanda aka yi domin hekta guda, da takalmin roba mai kai wa gwiwa don taka tsakar gidan da aka share da safe. Amma duk waɗannan ƙananan alhaki ne idan aka zo ga ruwa, kuma a nan ne asararka za ta samu tushe mai ƙarfi. Da rani, kowane murabba'in mita na lambu yana shan wajen lita 5 zuwa 7 a rana. Fili mai tsawon mita biyar da faɗin mita biyu zai sha lita 50 zuwa 70, wato jarka biyu zuwa uku mai cin lita 25. Daga zuba iri zuwa tsinka wajen kwana ɗari ne, jarka 200 zuwa 300 ke nan. Ka ninka da abin da ɗan garuwa ke karɓa a unguwarku, kada ka manta da ƙarin da yake yi duk ranar da babu wuta. A ɗaya ɓangaren kuma, ko da ka samu amfani irin na ƙwararren manomi, a ce tan 30 a hekta, abin da filin nan naka zai bayar kilo 30 ne, bai cika babban kwandon da ake ɗora wa mota ba. Ka raba kuɗin ruwan da yawan tumatirin, za ka ga kowane guda ya cancanci a yanka shi da bismilla a gaban shaidu. Mai rijiya ko burtsatse a gida zai ce wannan lissafi bai shafe shi ba, kuma da gaskiyarsa, sai dai yawancin masu burtsatse a gida ba su ne tsadar tumatir ta hana barci ba.

Kada ka yi shinge. Akuya ba ta da hannu a matsalar tattalin arziƙi, amma tana da ra'ayi a kan lambu, kuma takan bayyana shi cikin minti uku, ranar da yaro ya bar ƙofa a buɗe. Kaza ba ta cin shuka sosai, tonewa take yi, ƙadangare kuma ya fi son tsiron da ya kwana biyu da fitowa. Idan akuyar ta maƙwabci ce, sai ka zaɓa tsakanin haƙuri da zuwa gaban mai unguwa a kan tsiro goma sha biyu.

Wannan ita ce hanyar masu babban buri. Akwai kuma ta masu ƙaramin buri, waɗanda ba sa son komai sai rage kuɗin cefane, kuma dole a ambace ta ko don adalci. Tsofaffin mata sun daɗe suna bin ta a garkar bayan ɗaki, ba gasa, ba kyauta, ba hoto: kuɓewa a gefen danga, rama da yakuwa a kusa da makewayi inda ruwa ke gangara, kabewa ta haye rufin ɗaki, zogale a kusurwa. Ba su taɓa zama sun rubuta ƙa'idarsu ba, amma a fili take. Ba a gasa da mai hekta a kan abin da yake kawowa da mota. Tumatir na Kadawa ne, albasa ta Aliero da Galmi ce, tattasai na Diffa ne, kuma duk suna jure tafiya ko ajiya. Abin da gida ya fi kasuwa iyawa shi ne abin da ake saye ɗauri-ɗauri kusan kullum, wanda ke yaushi kafin yamma, wanda kuma idan an yanke shi yake sake tohowa. Alayyahu na kai wa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi kafin a watsa, idan kuma aka yanka shi sama da gindi maimakon a tumɓuke, zai ba da yanka na biyu da na uku. Lalo yakan yi nawar fitowa sai an tsoma irinsa cikin ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, daga nan ba ya neman komai. Kuɓewa tana son zafin da ke kashe tumatir, tana fara haihuwa cikin wata biyu, a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, rarar kuma a yanka a shanya. Yakuwa ta fi su duka kirki, domin ganyenta miya ne, furenta zoɓo ne, 'ya'yanta daddawar batso. Zogale da shuwaka ko iri ba sa buƙata, reshe ake kafawa, sai dai a riƙa datse kan zogalen a daidai ƙugu don ya yi rassa, in ba haka ba ya miƙe sama ya bar ka da neman tsani. Na'ana'a da ɗaɗɗoya suna rayuwa a tsohon bokiti mai huda. Hatta gindin albasar da aka yanke aka nufi bola da shi, idan aka binne shi zai ba da lawashi.

Waɗannan ba sa buƙatar ɗan garuwa ya san da zamansu. Gidan da ke da mutum goma yana zubar da ruwan alwala sau biyar a rana, kuma tun da kaɗan ne daga cikinmu ke tsayawa a kan mudu guda da aka ruwaito Manzon Allah (SAW) yana alwala da shi, ragowar butocin nan ta isa ta rayar da shuka da yawa idan aka sa baho a wurin. A haɗa da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Ruwan omo ne kawai za a nisantar, domin gishirin da ke cikinsa yana taruwa ya kashe ƙasa. Taki ma yana gida. Kashin awaki da na kaji da toka da sharar tsakar gida su ne jakuna suka yi shekaru aru-aru suna kwasa daga cikin birnin Kano zuwa gonakin kewaye, abin da ya sa ake noma ƙasar kowace shekara ba hutu. Sharaɗin kawai a bar shi ya ruɓe, musamman na kaji, wanda ɗanyensa ke ƙone shuka. A nan akuya take biyan wani ɓangare na bashinta. Maganin ƙwari kuma yana bakin titi: 'ya'yan darbejiya, bishiyar da aka shigo da ita Borno a 1928, a daka, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Wanda ya fesa fiya-fiya a ganyen da za a ci jibi ya yi tattalin kuɗin miya ne don ya kai asibiti.

Za a ce, kuma ba ƙarya ba ne, ai ganye shi ne mafi araha a kasuwa, to me aka tara idan an daina sayensa? Amsar tana da rassa. Kuɗin ganye ƙanana ne amma kullum ne, kuma ƙaramin kuɗin kullum shi ne wanda ba ya shiga lissafin maigida sai ƙarshen wata ya rasa inda albashi ya bi. Kan kuɗin ganyen akwai na abin hawa, da canjin da ba ya dawowa daga hannun ɗan aike, da rabin ɗaurin da ya yi yaushi aka zubar. Ganyen ma ba kullum yake araha ba, da bazara ɗaurin alayyahu yakan rame har ya ba da tausayi. Amma babbar ribar tana cikin tukunya. Gidan da ke da ganye a tsakar gida yakan sauya abin da yake dafawa ba tare da an yi taro ba. Miyar yakuwa da gyaɗa, miyar lalo, miyar kuɓewa, faten tsaki da rama, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dambu, duk tumatir kaɗan suke nema ko ba sa nema sam, don haka ranakun jar miya suna raguwa, tare da su kuma man da take sha. Tumatirin da ake buƙata kuwa akwai hanyar samunsa wadda ba ta bi ta lambu ba: a saye shi da kwando a Fabrairu lokacin da manomi ke neman kai da shi, a tsaga, a shanya a kan tabarma mai tsabta sama da ƙasa, iskar hunturu ta yi aikinta kyauta, a ɗure kauɗar a ajiye wa Yuni. Wanda ya yi haka ya ci moriyar madatsar Tiga ba tare da ya sayi takalmin roba ba.

Mai zaman gidan haya zai ce shi ko ƙasar da zai tofa yawu ba shi da ita, ko'ina siminti ne. Wannan uzuri ya fi ƙarfi a kan tumatir da kabewa. Ganye saiwarsa ba ta nisa, buhun shinkafa ko na siminti da aka wanke, aka huda gindinsa, aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ya ishe shi, in dai rana tana samunsa rabin yini. A ɗora buhun a kan bulo don kada ruwa ya kwanta ya ba mai gida abin magana. Buhu yana da wata falala da fili ba shi da ita, wato ranar da aka ba ka takardar tashi, lambunka yana hawa a-kori-kura tare da katifa.

Akwai kuma ƙorafin da ba a faɗa da baki, na cewa miyar ganye kullum alamar an gaza ce, kuma me surukai za su ce. Wannan ciwo ne na birni, maganinsa kuma ɗan yawo. A Maraɗi da Yamai zogale sana'a ce ta lambuna sukutum, ana loda shi buhu-buhu, a watan azumi kuma har wawarsa ake yi. Noman rani da gwamnatin Seyni Kountché ta tura mutane gare shi bayan farin 1984 ya zauna da gindinsa a Nijar har ba wanda ke ganin cin ganye a matsayin faɗuwa. A Turai da Amurka garin zogalen nan da akuya ke miƙa wuya ta katanga don ta samu ana ɗura shi a ƙwayoyi a sayar a kantin masu kuɗi. Alhajin da ya raina kwaɗo yana da shekara arba'in shi ne likita zai rubuta wa ganye yana da sittin, ya biya kuɗin ganin likitan kuma. Idan duk da haka zuciya ta ƙi haƙura, a shuka tumatir biyu kusa da zaure inda baƙi za su gani, a rubuta kuɗinsu a babin ado, tare da labule da fenti.

Ƙorafi ɗaya ne ba shi da cikakkiyar amsa, shi ne harajin maƙwabta. Da zarar ganye ya yi kore ya leƙa ta katanga, sallama za ta ƙaru. Yarinya za ta shigo da kwano ta durƙusa ta ce, wai in ji Mama ana gaisuwa, a sam mata ɗan zogale, baƙi ta yi. Ba a hana wannan, kuma duk lissafin da bai sa shi a ciki ba lissafin wata ƙasa ne. Mai tumatir biyar ba zai jure wannan haraji ba, aike biyu sun gama da gonarsa. Mai ganye yana da sauƙi ta fuska biyu. Na ɗaya, yanka yana ƙara wa shukarsa toho, kuma kwanon da ya fita da ganye ba ya cika dawowa wayam, wata rana da ƙosai, wata rana da daddawa. Na biyu, harajin yana da hanyar ragewa wadda ba ta ɓata zumunci: a karo na uku, Hajiya, ki haɗa wa yarinyar da reshen zogale mai kauri, da reshen shuwaka, da 'yar saiwar na'ana'a a gwangwanin madara, ki ce a gaida Mama, a ce ta kafa kusa da wurin alwala. Rabin gidajen za su kafa, cikin 'yan watanni su ma a fara aika musu yara. Sauran rabin za su aiko a faɗa miki reshen bai kama ba, akuya ta cinye, a ƙara musu ganye tukuna kafin su samu wanda zai yi musu shinge.